Barbushe, mutumin da ya riƙe Kano daga saman Dala

Wanda ya taso daga Tsanyawa ya biyo titin Katsina ta Bichi, gonakin gero da dawa kawai zai yi ta gani a shimfiɗe, har ya shigo Kano ya hangi Gwauron Dutse da Dala. Tsayin Dala kimanin mita 534 ne daga gaɓar teku, abin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da Mont Blanc na tsaunukan Alps a Turai, wanda ya haura mita 4,800. Amma a ƙasar da take shafe kamar faifai, wannan tudu ya isa ya zama gadon mulki, kuma a kansa Barbushe ya zauna.

Labarinsa yana cikin littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Littafin ya ce mahaifinsa Buzame jikan Garageje ne, babban ɗan Dala, baƙon da ya fara gina gida a kan dutsen har aka sa wa dutsen sunansa. An siffanta Barbushe da ƙaton maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Wannan kam zuguguwar masu ba da labari ce.

Ba ƙarfin damtse ya ba shi mulki ba. Shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, inda itaciyar Shamus take kewaye da katanga, jama'a kuwa sun yi imani duk wanda ya shiga ba shi ba, mutuwa zai yi. Kwana biyu kacal yake saukowa daga dutsen a shekara. Idan lokacin ya ƙarato, maza da mata sukan taru a gindin Dala da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Sai dare ya yi ya fito da makaɗansa, ya shige wurin gunkin, ya dawo ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Manomi da maharbi da maƙeri duk bakinsa suke jira.

A irin wannan dare ne, in ji littafin, ya shaida musu cewa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, a sare itaciyarsu, a gina masallaci. Da suka tambaye shi magani, sai ya nuna musu babu abin yi sai haƙuri. Mai karatu ya tuna cewa malamin da ya rubuta wannan Musulmi ne, ya kuma riga ya san yadda al'amarin ya ƙare.

Bagauda ya iso a 999 bisa lissafin Palmer, ya zauna a Sheme. Shugaban da ya kashe Jankare ne, babu sunan Barbushe cikin waɗanda ya tarar. Bautar Tsumburbura ta ƙara fiye da shekara 300 kafin Sarki Tsamiya ya rushe katangar, sannan Wangarawa suka zo a zamanin Yaji, wanda ya hau sarauta a 1349, aka gina masallacin.