Alhassan Ɗantata: Ɗan Bebeji da Ya Gane Sirrin Hanya

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a shekarar 1877, a gidan Agalawa masu fataucin goro. A wancan zamani a bayan jakuna dukiyar fatake take tafiya. Madugu ke jan ayari, jagaba kuma ke shiga gaba yana duba hanya da zango, aikin da taswirar waya ke yi wa direba a yau.

Yana yaro mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa ta tafi fatauci ƙasar da ake kira Ghana yanzu. Wata baiwa mai suna Tata ce ta rene shi, a nan ya samo sunan da duniya ta san shi da shi. Basasar Kano da ta ɓarke a 1893 ta rutsa da shi, aka kama shi bawa, daga bisani ya samu 'yanci ya koma fatauci.

Abin da ya bambanta shi da sa'o'insa shi ne saurin gane cewa hanya ta sauya. A wajajen 1906 ya fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas, ya rage tafiyar da ke cin watanni a ƙasa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai ya karkata ga gyaɗa, ya baza wakilai a ƙauyuka suna saye. A 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Niger Company. Da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, a kan raƙuma ashirin aka kai masa kuɗin azurfarsa.

Dalar gyaɗa da ake danganta shi da ita ma labarin sufuri ce: buhunan sun taru ne saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashe su a kan lokaci. Ɗansa Sanusi ya ɗauki darasin, ya haɗa sayen gyaɗa da harkar manyan motoci. Sanusin nan shi ne kakan Aliko Ɗangote na wajen uwa.

Ɗantata ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi a matsayin attajiri mafi dukiya a Afirka ta Yamma.

Lissafin da ya ɗaukaka shi yana nan daram a yankinsa. Manomin masara a Doguwa ko na shinkafa a Tudun Wada da Kiru, in ba shi da a-kori-kura kuma hanyar ƙauyensa ta lalace, ala tilas ya sallama amfaninsa a farashin da mai mota ya yanka. Titin da ya ratsa dajin Falgore ya fito Kwanar Ɗangora shi ke haɗa su da kasuwannin Kano. Saboda haka duk mai neman ƙuri'ar Kano ta Kudu, ya dace a fara tambayarsa kilomita nawa na hanyar karkara zai gina, kuma yaushe.