Erik Lidel: Gwanin Gudu Wanda Ya Ƙi Tsere Ranar Lahadi

Ya 'yan'uwa, a ƙasarmu ta Kurfai kowa ya san darajar gwani. In ɗan kokowa ya ka da abokin karawarsa a fage, har yara ƙanana sukan riƙe sunansa. In doki ya yi fice a sukuwa, sai a yi ta zancensa daga Bonkuku har Filinge. To, ga labarin wani gwanin gudu wanda duniya ta tafa masa, shi kuwa ya ɗauki Ubangiji da girma fiye da tafin. Sunansa Erik Lidel.

Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 16 ga Janairu 1902 a birnin Tiyanjin, ƙasar Sin. Iyayensa mutanen Sikotilan ne, ma'aikatan mishan masu kai bishara can. Yana da shekara 6 aka sa shi da wansa Robat a makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan a Landan, iyayen suka koma bakin aikinsu. Sai a yi shekaru yaran ba su ga uwa da uba ba. Erik yaro ne mai kunya, ba shi da yawan magana, amma in aka fita filin wasa ba mai kama shi.

A 1920 ya shiga Jami'ar Edinbara don karatun kimiyya. Can sunansa ya fito. Ya buga wa ƙasarsa wasan ƙwallon rugbi sau 7, ya kuma zama wanda ya fi kowa sauri a Sikotilan. Gudunsa ba shi da kyan gani. Yakan ɗaga kai sama, baki buɗe, hannuwa suna ta wurgi, har masu kallo su yi dariya. Amma shi yakan riga kowa isa.

A watan Afrilu 1923 wasu ɗalibai masu bi suka roƙe shi ya yi wa mutane magana a wani garin ma'aikatan haƙar kwal mai suna Armadel. Sun san mutanen da ba sa zuwa majami'a za su fito don su ga gwanin gudu. Tsayawa gaban jama'a abu ne mai wuya a gare shi, duk da haka ya yarda. Daga ran nan bai ƙara ɓoye bangaskiyarsa ba.

A watan Yuli na shekaran nan aka yi wata tsere ta yadi 440 tsakanin Ingila da Sikotilan da Ayalan. Ana tashi ke nan wani ya bangaje shi ya faɗi. Kafin ya miƙe sauran sun ba shi rata kamar yadi 20. Ya tashi, ya bi su, ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, ya ci tseren, sa'an nan ya zube ƙasa don gajiya.

Gwaji a Faris

A 1924 aka shirya wasannin Olimfik a Faris, babban birnin Faransa, inda gwanayen ƙasashen duniya sukan taru bayan kowace shekara 4. Mutanen Biritaniya sun sa rai Erik zai kawo musu zinariya a tseren mita 100, gama nan ne ƙarfinsa yake. Amma da aka fitar da tsarin kwanaki, watanni kafin wasannin, sai ya ga an sa zagayen farko na tseren nan a ranar Lahadi. Ya ce ba zai yi ba. A wurinsa Lahadi ranar Ubangiji ce, ta sujada da hutawa. Don wannan dalili kuma ya janye daga tseren miƙa sanda.

Manya suka yi ta lallashinsa. Wasu jaridu suka zarge shi da juya wa ƙasarsa baya. Bai yi faɗa da kowa ba, bai kuma hana sauran 'yan wasa yin nasu ba. Ya dai tsaya a kan abin da lamirinsa ya nuna masa, ya koma yana horon kansa a kan mita 400.

Bari mu gane wuyar abin. Mita 400 zagaye ɗaya ne na filin gudu. A zamanin nan ana lissafta ta kusa da tseren matsakaicin zango, wato mita 800 da 1,500, inda mai gudu yakan tanadi numfashinsa ya ajiye ƙarfi don ƙarshe. Gwanayen wannan fanni suna nan a Faris: Daglas Lo na Biritaniya ya ci mita 800, Pabo Nurmi na Finlan kuma ya ci mita 1,500 da 5,000 a yini guda. Erik kuwa ɗan gajeren zango ne, mutane da yawa ba su zaci zai kai labari ba.

Harold Abrahams, ɗan Ingila, shi ya ci mita 100 ɗin da Erik ya bari. Erik ya zo na uku a mita 200. Sai ranar Jumma'a, 11 ga Yuli, ranar ƙarshe ta mita 400. Da safe wani mai yi wa 'yan wasa tausa ya miƙa masa 'yar takarda, yana tuna masa da alkawarin da ke cikin 1 Sama'ila 2:30. Ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta wurin da kanku. Aka ba shi layin waje, inda mai gudu ba ya ganin abokan tserensa a gaba. Da bindiga ta tashi ya fita da dukan ƙarfinsa kamar mai gudun mita 200. Masana suka ɗauka zai gaji a rabin hanya. Ya ɗaga kai sama kamar yadda ya saba, ya ƙara wuta, ya isa cikin daƙiƙa 47.6. Ba wanda ya taɓa yin saurin nan a wasannin Olimfik kafinsa.

Komawa Sin

Ya koma Edinbara, ɗalibai suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga gari da shi. Yana da shekara 22, suna da ɗaukaka suna gabansa. Amma a 1925 ya shiga jirgin ƙasa ya tafi Sin, ya zama malamin kimiyya da wasanni a wata makarantar mishan a Tiyanjin. A 1932 aka naɗa shi fasto. A 1934 ya auri Filorens Makenzi, 'yar 'yan mishan daga Kanada.

A 1937 yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da Sin. A shekaran nan mishan ta aike shi ƙauye, wani wuri mai suna Siyocang, inda wansa Robat yake aikin likita. Talakawa manoma ne a wurin, kamar mu, ga fari, ga yunwa, ga sojoji da 'yan fashi. Yakan bi ƙauyuka a ƙafa ko a kan keke yana wa'azi. Wata rana ya ji labarin wani mai rauni da aka yar a wani ɗakin tsafi, kowa yana tsoron taɓa shi saboda sojojin Japan. Ya nemi amalanke ya je ya ɗauko shi. A hanya ya ƙara ɗaukar wani wanda aka sare shi a wuya da takobi. Na farkon ya mutu, na biyun ya warke.

Da hatsari ya yi yawa a 1941, ya sa matarsa da 'ya'yansu mata 2 a jirgin ruwa zuwa Kanada. Tana da ciki a lokacin. Shi ya zauna. 'Yarsu ta uku da aka haifa can, bai taɓa ganinta ba.

A sansanin tsare mutane

A 1943 sojojin Japan suka tara baƙi 'yan ƙasashen waje a sansanin Waishiyen, mutum wajen 1,800 a ɗan ƙaramin wuri. Abinci kaɗan, sanyi mai tsanani, gardama kullum. Erik ya riƙa ɗebo wa tsofaffi ruwa da gawayi, yana koya wa yara lissafi da kimiyya, yana shirya musu wasanni. Yaran da aka raba da iyayensu suka ɗauke shi kamar kawunsu. Da asuba yakan tashi ya kunna 'yar fitilar man gyaɗa, ya yi karatun Littafi da addu'a. Yana koya wa samari su yi wa masu tsaronsu addu'a.

Ga wani abin lura. Da fari ya ƙi shirya wasa ranar Lahadi. Yaran suka yi nasu ba mai lura da su, wasan ya ƙare da dambe. Lahadi ta gaba sai ga Erik a fili yana yi musu alƙalanci. Mutumin da ya ƙi gudu ran Lahadi don zinariyar kansa ya yarda ya tsaya a fili ran Lahadi don zaman lafiyar yara. Ya gane abin da Ubangijinmu Yesu ya koyar a kan Asabar da jinƙai cikin Markus sura 2 da 3.

A lokacin sanyi na ƙarshe ya ba wani saurayi takalman gudunsa, gama na yaron sun mutu. Saurayin nan daga baya ya zama mai kai bishara a Japan. Ciwon kai ya yi ta damun Erik, ashe ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Ya rasu ran 21 ga Fabrairu 1945 yana da shekara 43, watanni 6 kafin sojojin Amurka su buɗe sansanin. A 1991 Jami'ar Edinbara ta kafa dutsen tunawa da shi a wurin.

Kai fa, ɗan'uwa?

Ba za a kira mu tsere a Faris ba, amma gwajin nan yana zuwa ƙofar kowane mai bi. Kasuwar Balleyara ranar Lahadi take ci, ga ragon da kake so ka sayar. Ruwan shuka yakan sauka daren Asabar, maƙwabta duka su fita gona da sassafe. Akwai kuma dangin da za su yi maka ba'a in ka nufi majami'a. Kowa zai auna nasa a gaban Allah, kada mu zama masu hukunta juna. Amma ka tambayi zuciyarka: akwai abin da ka taɓa bari saboda Yesu? In kuwa maƙwabcinka ya kwanta ciwo ran Lahadi, za ka ɗaura wa jakinka amalanke ka kai shi asibiti?

Kiyaye Lahadi bai ceci Erik Lidel ba, zinariya ma ba ta cece shi ba. Ya dogara ga Yesu Almasihu wanda ya mutu domin zunubansa ya tashi kuma, daga nan sauran duka suka fito. In ba ka ba da kanka gare shi ba tukuna, kada ka jinkirta. Ka nemi fasto ko dattijon ikilisiya mafi kusa da kai ku yi magana. Iyaye kuma, ku tara yaranku da dare ku karanta musu 1 Korintiyawa 9:24-27 da Ibraniyawa 12:1-2, ku ba su labarin nan, ku yi addu'a tare.