Paul Ehrlich: Marinin da ya koya wa likitoci karanta jini

A tarihin likitanci ba kasafai ake samun mutumin da sana'ar rini ta kai shi ga ɗaukaka ba, amma haka ta kasance ga Paul Ehrlich, Bayahuden Jamus da aka haifa ranar 14 ga Maris, 1854, a garin Strehlen, wanda a yau yake cikin ƙasar Poland. Tun yana ɗalibi ya shaƙu da launukan rini, bayan ɗan'uwansa Carl Weigert ya nuna masa yadda ake rina tsoka domin a gan ta sosai a madubin likita.

A 1878, cikin kundin digirinsa a Jami'ar Leipzig, ya bayyana wasu ƙwayoyi da ya sa wa suna mast. Shekara ɗaya bayan nan ya gano wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini masu shan jan rinin iyosin, ya kira su iyosinofil. Sai daga baya aka fahimci cewa waɗannan ƙwayoyi biyu su ne 'yan gaba-gaba a borin jini da fuka da kumburin da ke biyo bayan harbin ƙudan zuma. Sinadarin tiriptes da ake aunawa a yau domin tabbatar da mummunan borin jini, daga ƙwayoyin mast yake fita.

Ehrlich bai tsira daga jarrabawa ba. Ya kamu da tarin fuka, har ya tafi Masar jinya a 1888. Da ya dawo, shi da Paul Guttmann suka gwada shuɗin rini na metilin a kan masu zazzaɓin cizon sauro a 1891. Ya kuma fito da hanyar auna ƙarfin maganin mashaƙo, ta yadda kowace kwalba za ta zo daidai da 'yar'uwarta. A 1908 ya raba lambar yabo ta Nobel da Metchnikoff, sannan a 1910 aka fitar da Salvarsan, maganin tunjere da ya samar tare da Sahachiro Hata ɗan Japan. Ya rasu ranar 20 ga Agusta, 1915, a Bad Homburg.

To, me ya haɗa mu da wannan mutum a nan Ambursa? Abin da ya haɗa mu shi ne awo. Ƙa'idar littattafai ita ce iyosinofil kada su wuce kimanin 500 a kowace maikurolita ta jinin baligi. Sai dai ko a jikin mai ƙoshin lafiya adadin ba ya tsayawa wuri ɗaya: yakan sauka da safe, lokacin da sinadarin kotisol yake da yawa, ya hau da dare. Haka ma tiriptes, akwai waɗanda suka gaji yawansa daga iyaye alhali lafiyarsu lau.

Bugu da ƙari, ba borin jini kaɗai ke tayar da iyosinofil ba. Tsutsar ciki da tsargiya ma suna yi. Manomin shinkafa da ke yini cikin fadamar Rima, ko masuncin Argungu, yana iya kawo sakamako mai yawa, a ɗora shi kan maganin bori na watanni, alhali abin da yake bukata gwajin fitsari ne da na bayan gida. Ga asarar kuɗi, ga cuta tana ci gaba da cin jiki.

Don haka ina kira ga masana a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ma'aikatan Asibitin Sir Yahaya da su auna jinin lafiyayyun mutanen yankin nan, damina da rani, safe da yamma, su fitar mana da ma'aunin da ya dace da mu. Majinyaci kuma kada ya yanke wa kansa hukunci da takardar gwaji guda. Ya koma wurin likita, a maimaita idan da bukata. Ehrlich ya ƙare rayuwarsa yana neman awo na gaskiya, kuma shi ne gadon da ya kamata mu riƙe. Allah Ya ba mu lafiya.