Robert FitzRoy: Jami'in gwamnatin da aka yi wa dariya saboda hasashen yanayi

A shagunan kayan da na Ingila, da falon masu sha'awar adon zamanin Sarauniya Victoria, akwai wani abu da ake yawan gani rataye a bango. Dogon akwati ne na katako mai fuskar gilashi, an sassaƙa kansa kamar ƙofar tsohuwar majami'a, irin fasalin da mutanen wancan zamani suka ƙallafa wa rai har suka gina majalisar dokokinsu a kansa. A ciki akwai bututun zaiba mai auna nauyin iska, da ma'aunin zafi, da takarda mai ɗauke da ƙa'idojin gane sauyin yanayi, da wata 'yar kwalba mai ruwa wanda ke fitar da farin abu kamar gashin tsuntsu. Sunan da ke rubuce a sama shi ne na Admiral Fitzroy. Galibin waɗannan akwatuna bayan mutuwarsa aka ƙera su, 'yan kasuwa suka ci riba da sunansa, alhali shi mai sunan ya bar duniya da bashi a wuyansa.

Sai mutum ya san hunturun Birtaniya zai gane dalilin da ya sa ma'aunin iska ya zama kayan ɗaki. Namu hunturun yana da alƙawari, an san watan zuwansa, an san ta inda iska za ta kaɗo. Nasu ba ya yi wa kowa alƙawari. Tsibirin yana kan hanyar guguwar da ke ƙulluwa a Tekun Atlantika ta nufo gabas, musamman daga Oktoba zuwa Maris, kuma a ƙarni na 19 babu mai ganin abin da ke tafe daga tsakiyar teku. Masunci zai fita da hantsi ruwa kwance, kafin la'asar matarsa ta zama mai takaba. Alama ɗaya ce abin dogaro: idan nauyin iska ya yi ƙasa da sauri, zaiba ta sauka a bututu, to guguwa ta kusa.

An haifi Robert FitzRoy ranar 5 ga Yuli, 1805, a Ampton da ke yankin Suffolk. Jinin sarauta ne, domin salsalarsa ta kai ga Sarki Charles na Biyu, kakansa kuma ya taɓa riƙe firaminista. Yana ɗan shekara 12 aka kai shi kwalejin sojan ruwa ta Portsmouth, a 1824 ya ci jarrabawar zama laftanar ba tare da ya faɗi tambaya ko ɗaya ba. Amma gidan na da wani tabo. A 1822 kawunsa, Lord Castlereagh, sakataren harkokin wajen Birtaniya, ya kashe kansa. FitzRoy ya girma da fargabar cewa ciwon na cikin jini.

A 1828, yana da shekara 23, aka damƙa masa jirgin Beagle da ke aikin zana taswirar gaɓar Kudancin Amurka. Kujerar ma gadonta ya yi daga kyaftin Pringle Stokes, wanda kaɗaici da mugun yanayin kudancin nahiyar suka sa ya harbe kansa. Bai daɗe da kama aiki ba, a farkon 1829, wata iska mai ƙarfi ta auka wa jirgin a kusa da gaɓar Uruguay, ta kwantar da shi a gefe, ma'aikata biyu suka faɗa ruwa suka halaka. Ma'aunin iska ya riga ya sauka kafin nan, matashin kyaftin bai ɗauki mataki da wuri ba. Duk abin da ya yi daga baya a kan yanayi, ana iya bin sawunsa zuwa wannan rana.

Tafiya ta biyu ita ce duniya ta sani, ko da yake da sunan wani ta san ta. Saboda tsoron abin da ya sami Stokes, FitzRoy ya nemi abokin hira mai ilimi da za su riƙa cin abinci tare, aka kawo masa wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Charles Darwin. Sun tashi daga Plymouth ranar 27 ga Disamba, 1831, ba su dawo ba sai Oktoban 1836. Jirgin na ɗauke da agogunan auna nisa guda 22, wasu da kuɗinsa ya saye su, kuma taswirorin da ya zana sun yi wa matuƙa jiragen ruwa aiki shekaru masu yawa. A cikin tafiyar ne halinsa na aikin gwamnati ya fara bayyana. Ya ga jirgi ɗaya ba zai gama aikin ba, sai ya sayi na biyu daga aljihunsa, yana sa ran za a biya shi. Hukumar sojan ruwa ta ƙi, ta kuma tsawata masa, dole ya sayar da jirgin a 1834. Abin ya taɓa shi har ya ajiye muƙaminsa na ɗan lokaci, sai da mataimakansa suka lallashe shi.

Ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai saurin fushi da jin kai, kuma a Brazil sun yi kaca-kaca da Darwin saboda ya kare bautar da bayi. A tafiyar farko ya kwaso mutum huɗu 'yan asalin Tierra del Fuego ya kai Ingila don a koya musu addini da al'adun Turawa. Ɗaya ya mutu da ciwon agana, ukun da ya mayar gida kuma shirin bai haifar musu da wani alheri ba. Abin mamaki, mutumin nan ne kuma da aka naɗa shi gwamnan New Zealand a 1843, bayan ya ɗan zauna a majalisa yana wakiltar Durham, ya ƙi hukunta 'yan ƙabilar Maori kan rikicin filin Wairau, domin ya gano Turawa 'yan kama-wuri-zauna ne suka tsokano faɗan. Ba a ba shi kuɗi ba, ba a ba shi isassun sojoji ba, Turawan suka yi ta kai ƙararsa Landan, a 1845 aka tuɓe shi.

Shekarunsa 49 lokacin da aka ba shi aikin da ya zama sanadin ɗaukakarsa da karyewarsa. A 1854 Hukumar Ciniki ta buɗe wani ƙaramin sashe na tattara bayanan yanayin teku, aka ɗora shi a kai da ma'aikata uku kacal. Aikin a takarda mai sauƙi ne: a ba kyaftin-kyaftin kayan awo, su dawo da littattafan rajista, a jera alƙaluma don a gano hanyoyin da suka fi sauri ga jiragen kasuwa. Ba wanda ya ce masa ya faɗi abin da zai faru gobe. A shekarar nan ma, da wani ɗan majalisa ya ce wata rana za a iya sanin yanayin Landan kafin kwana guda, zauren ya fashe da dariya. A tunanin masana na lokacin, faɗin yanayin gobe sana'ar 'yan duba ce da masu buga kalandar taurari.

FitzRoy ya fara da abin da ke hannunsa. Ya tsara wani ma'aunin iska mai ƙwari da sauƙin karantawa, aka riƙa kafa shi a ƙauyukan masunta matalauta, inda kowa zai duba kafin ya tura kwalekwale. Wannan shi ne ma'auninsa na gaskiya, ba shi da sassaƙa, ba shi da ado, a bakin ruwa yake shan iska da gishiri.

Sai daren 25 ga Oktoba, 1859. Jirgin Royal Charter na dawowa daga Melbourne zuwa Liverpool bayan tafiyar kusan wata biyu, cike da masu haƙar zinariya da dukiyarsu, guguwa ta riske shi a gaɓar tsibirin Anglesey na Wales. Sarƙoƙin anga suka tsinke, igiyar ruwa ta maka shi a kan duwatsu, mutanen ƙauyen Moelfre suna kallo daga tudu. Kimanin mutum 450 suka mutu. A faɗin ƙasar, guguwar ta nutsar da jirage 133, ta ci rayuka wajen 800. FitzRoy ya tattara awon da aka yi a wurare daban-daban, ya zana taswirar tafiyar guguwar sa'a bayan sa'a, ya nuna cewa tana da hanya kuma tana da sauri, kuma wayar tangaraho ta fi ta gudu. Da an aika saƙo daga kudu maso yamma, da arewa ta sami labari kafin iskar ta iso.

Da wannan hujja ya sami izini. Daga 1860 tashoshi a gaɓar teku suka fara aiko da awon safiya ta waya zuwa ofishinsa a Landan, a Fabrairun 1861 kuma aka fitar da gargaɗin guguwa na farko. Dabarar isar da saƙon ita ce ta fi burge ni, domin ta yi la'akari da wanda bai iya karatu ba. A tashar jiragen ruwa ana ɗaga wata alama ta zane mai kauri a kan doguwar sanda. Idan mai siffar mazurari ce kanta na kallon sama, iska daga arewa za ta zo. Idan kanta na kallon ƙasa, daga kudu. Mai siffar ganga na nufin iska mai haɗari da za ta riƙa juyawa. Da dare fitilu ne ke maye gurbinsu.

Daga nan ya tsallake iyakar takardar aikinsa. Tunda kullum sai ofishin ya auna yanayin kwana ɗaya ko biyu masu zuwa kafin ya yanke shawarar ɗaga alama, me zai hana a gaya wa jama'a? Ranar 1 ga Agusta, 1861, jaridar The Times ta buga hasashen yanayi na farko ga kowa da kowa. Kalmar da masu Turanci ke kiran hasashen yanayi da ita a yau shi ne ya tsayar da ita, da gangan, don ya raba lissafinsa da duba. Jama'a suka rungumi abin. Sarauniya Victoria kanta takan aika a tambayo mata kafin ta haye ruwa zuwa gidanta na tsibirin Wight. A 1863 ya wallafa littafinsa kan yanayi, inda ya bayyana cewa guguwa na tasowa ne a inda iska mai sanyi daga arewa ta yi karo da mai ɗumi daga kudu, ra'ayin da masanan Norway suka gina cikakken ilimi a kan irinsa bayan shekara hamsin da wani abu.

Matsalar ita ce yana kuskure, kuma a bainar jama'a yake yinsa kowace safiya. Ba shi da tasha ko ɗaya a cikin Atlantika, inda yanayin ke fitowa, don haka sau da yawa guguwa kan iso tare da labarinta. Jaridu suka mai da shi abin ba'a. Masu manyan jiragen kamun kifi suka tsane shi, domin duk ranar da aka ɗaga alama ma'aikata ba sa fita, ko da daga baya rana ta haska. Masana kimiyya kuma suna ganin yana zubar musu da mutunci, tunda ba shi da tabbatacciyar ƙa'ida. Wani ɓangaren sukar na da tushe. Ya yi imani da 'yar kwalbar nan mai haɗin kafur da barasa da gishirin magani, wadda gwaji tun a zamaninsa ya nuna zafi da sanyin ɗaki kawai take bi. Duk wanda ya yi aiki a ma'aikata ya san irin wannan jami'i: ba ya iya barin suka ta wuce. FitzRoy ya riƙa zama yana amsa wa masu zaginsa da dogayen wasiƙu, ga aikin ofis kwana shida a mako, ga jinsa ya fara raguwa.

Akwai kuma ciwon Darwin. FitzRoy ya zama mai tsananin riƙo da nassin Littafi Mai Tsarki, kuma littafin Darwin na 1859 kan asalin halittu ya sa shi jin cewa da jirginsa aka yi jigilar saɓo. A muhawarar Oxford ta 1860 ya miƙe a cikin taro riƙe da Littafin yana roƙon mutane su bi shi, ba a saurare shi ba. Kafin nan ya riga ya binne matarsa ta fari da babbar 'yarsa.

Da safiyar Lahadi, 30 ga Afrilu, 1865, a gidansa da ke Norwood a kudancin Landan, ya shiga ɗakin shirinsa ya kulle, ya kashe kansa ta hanyar da kawunsa ya bi. Yana da shekara 59, da muƙamin mataimakin admiral. Da aka duba, sai aka tarar dukiyar da ya gada ta ƙare a hidimar gwamnati. Abokai suka buɗe asusun taimakon iyalinsa, Darwin ya ba da fam 100, gwamnati ta biya fam 3,000, Sarauniya kuma ta ba matarsa masauki a fadar Hampton Court.

Aka kafa kwamitin bincike, kamar yadda aka saba. A cikinsa akwai Francis Galton, ɗan'uwan Darwin, wanda da ma yana da nasa ra'ayin kan yadda ya kamata a yi nazarin yanayi. Rahoton 1866 ya ce hasashen ba shi da tushen kimiyya, aka dakatar da na jarida, a Disamba kuma, tsakiyar lokacin guguwa, aka daina ɗaga alamun gargaɗi. Kwamitin ya ƙirga sau nawa aka yi kuskure a kan alƙiblar iska da lokacinta. Masunta kuwa wani lissafi suke yi, na waɗanda suka kwana a gida daren da da sun kwana a teku. Koke ya yi ta zuwa daga tashoshin ruwa da majalisa har aka dawo da gargaɗin guguwa a 1867. Hasashen yau da kullum sai a 1879 ya koma jaridu, a daidai shekarun da masassaƙa suka fara cika kasuwa da akwatunan ado masu ɗauke da sunansa.

Sashen nan mai ma'aikata uku shi ne ya zama hukumar yanayi ta Birtaniya, wadda hedikwatarta a Exeter ke kan titi mai sunansa. A 2002 aka sauya wa wani yankin teku da ke arewa maso yammacin Sifaniya suna daga Finisterre zuwa FitzRoy, kuma gidan rediyon BBC na ambatonsa kowace rana a cikin sanarwar yanayi ga matuƙa jiragen ruwa, tsakanin Trafalgar da Sole.