LIKITAN MASUNTA: TARIHIN WILFRED GRENFELL (1865–1940)

Mai cin kifi a gida ba safai ya kan tuna da wanda ya kamo shi ba. Ya kan yaba wa mai miya, ya manta da masunci. A wannan wata za mu ba da labarin wani mutum wanda ya tuna da masunta, ya kuwa ba da kwanakin ransa domin su. Sunansa Wilfred Grenfell, likita ne, mutumin Ingila. Ya tafi wurinsu da magani, amma da ya zauna tare da su sai ya gane babban ciwonsu ba irin wanda magani kaɗai ke warkarwa ba ne.

Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 28 ga Fabrairu, 1865, a Parkgate, wani ƙaramin gari na masunta a bakin kogin Dee, kusa da inda kogin ya ke shiga teku. Ubansa shugaban makaranta ne. A wancan zamani, a wurin nan ruwan teku ya kan cika ya janye sau biyu kowace rana, ya bar fili mai faɗi na yashi da laka. Nan yaron ya tashi, yana iyo, yana bin masunta cikin jiragensu, har ruwa ya zama kamar tsakar gidansu a gare shi.

A cikin 1883 ya tafi Landan koyon aikin likita a wani babban asibiti da ke unguwar matalauta. Wata rana da dare yana komowa daga duba marar lafiya, sai ya shiga wani taron wa'azi na D. L. Moody, shahararren mai-wa'azi na Amurka. Ya tarar wani dattijo yana addu'a mai tsawo ƙwarai, har ya yi niyyar fita. Sai Moody ya ta da waƙa domin jama'a su raira kafin dattijon ya gama. Wannan abu ya ba Grenfell sha'awa, gama ya ga mutum wanda ba ya son ɓata lokaci cikin sha'anin Allah. Ya zauna ya ji wa'azin. Ba da jimawa ba ya ba da kansa ga Almasihu, ya ƙudura a ransa bangaskiyarsa za ta zama ta aiki.

A Tekun Arewa

Ya gama karatu cikin 1888. Malaminsa, Likita Frederick Treves, ya nuna masa wata mishan da Ebenezer Mather ya kafa cikin 1881 domin masuntan teku, suna kuwa neman likita. Grenfell ya yarda, ya shiga jirgi a tsakiyar sanyi.

Ga yadda a ke su a Tekun Arewa a zamanin nan. Jirage masu filafilai, waɗanda iska ke turawa, su kan fita ayari guda, su yi wajen mako 8 a kan ruwa suna jan taru, ba su ganin tudu. Amma mutanen Landan ɗanyen kifi su ke so, ba wanda ya daɗe ba. Sabo da haka kowace safiya masunta su kan zuba kifinsu cikin akwatuna, su loda a ƙananan kwalekwale, su tuƙa zuwa wani jirgi mai tururi, shi kuwa ya sa wa kifin ƙanƙara ya sheƙa da shi kasuwar Billingsgate a Landan. Wannan kai kaya shi ne aikin da ya fi duka hatsari. Raƙuman ruwa su kan kife kwalekwalen, mutane da yawa suka hallaka ta haka. Wanda ya karye ko ya ji rauni kuwa, sai a kwantar da shi cikin jirgin kifin, ya kwana biyu yana shan azaba kafin ya ga likita.

Akwai kuma wata masifa. Waɗansu jirage su kan bi ayarin suna sayar da taba da barasa. Masunci ya je sayen taba, ya komo a buge, wani ya faɗa ruwa, wani ya ba da tarun ubangidansa a bakin kwalba. Mutanen mishan suka yi dabara. Suka ɗauko taba a jiragensu suna sayarwa da araha, tare da magani, da safar hannu ta ulu, da littattafai, domin kada masunci ya sami dalilin zuwa wurin masu barasa. Daga baya gwamnatocin ƙasashen da ke kewaye da tekun suka haramta cinikin barasan. A nan Grenfell ya koyi abin da ya riƙe har mutuwarsa, wato in kana so ka raba mutum da mugun abu, sai ka kawo masa abin da ya fi.

Zuwa Labrador

Labari ya iso mishan cewa akwai waɗansu masunta a hayin Tekun Atlantika waɗanda wahalarsu ta fi wannan. Cikin 1892 aka aiki Grenfell da jirgin asibiti mai suna Albert ya je ya gani. Ya isa St. John's, babban birnin tsibirin Newfoundland, cikin watan Yuli, ya iske gobara ta cinye yawancin birnin, hayaƙi bai ko gama tashi ba. Daga nan ya yi arewa zuwa gaɓar Labrador.

Labrador ƙasa ce ta duwatsu da sanyi, tana cikin Kanada a yau. A wancan zamani, fiye da rabin shekara ƙanƙara ta kan rufe tekun, jirgi ba ya shiga ba ya fita. Abin da ke kai mutane can a lokacin shi ne kifin da a ke kira kod, irin wanda 'yan Norwe su ke busarwa ya yi tauri kamar itace, a kawo shi kasuwannin Nijeriya. A lokacin, kowace shekara, da ƙanƙara ta narke, mutane fiye da 20,000 su kan taso daga Newfoundland, maza da mata da yara, su yi wata uku ko huɗu suna su. Waɗansu su kan kwana cikin jiragensu, waɗansu su yi bukkoki a bakin gaɓa. Akwai kuma waɗanda su ke zaune can dukan shekara, da kuma mutanen ƙasar na asali, wato Inuit da Innu. Maza su kan fita da asuba da ƙugiya da taru. In sun komo, iyali duka su taru, a fede kifin, a cire ƙashin baya, a sa gishiri, a shanya a kan duwatsu. Daga nan a kai shi Sifen, da Fotugal, da Italiya, da Burazil. Duk wannan jama'a ba su da likita ko ɗaya mai zama tare da su.

A wani wuri mai suna Domino Run aka kira Grenfell zuwa wata bukka mai duhu. Ya tarar da maigida kwance, ciwon huhu ya ci ƙarfinsa, matarsa tana jiyya, 'ya'ya shida suna raɓe a lungu. Ba abin da zai iya yi sai ya rage masa zafi. Ya kuma san tun da mutumin bai kama kifi a shekaran nan ba, iyalinsa za su shiga sanyi hannu wofi. Kafin ya koma Ingila ya duba marasa lafiya wajen 900.

Ciwon da ke bayan ciwo

Cikin 1893 ya komo da likitoci biyu da mata biyu masu-jiyya, suka buɗe asibiti na fari a Battle Harbour. Na biyu ya biyo a Indian Harbour cikin 1894. Daga baya St. Anthony, a ƙarshen arewa na Newfoundland, ya zama cibiyar aikin. Da zafi Grenfell ya kan zaga gaɓa da jirgin asibiti, da sanyi kuwa ya hau keken katako marar ƙafa wanda karnuka ke ja a kan ƙanƙara.

Amma ya lura waɗanda ya warkar su kan komo da ciwon nan dai. Tarin fuka ya yi yawa. Akwai masu dasashi mai kumburi da jini, da masu ƙafafun da suka mutu, da yara masu gwamammun ƙafafu. Ya san waɗannan cututtuka na rashin abinci mai kyau ne, gama dukan lokacin sanyi mutane garin alkama su ke ci da maɗi da shayi, ba madara, ba ganye. Ta yaya mutum zai kama kifi mai yawa haka, ya kuwa kwana da yunwa?

Amsar tana cikin littafin attajiri. Masunci ba ya ganin kuɗi da idonsa. A farkon shekara attajiri ya kan ba shi gishiri, da taru, da gari, duka bashi. A ƙarshen su ya karɓi kifin duka. Shi ke yanka kuɗin kayan, shi ne kuma ke yanka kuɗin kifin. In shekara ta yi kyau, bashin ya ragu kaɗan. In ta ɓaci, ya ƙaru, ko kuwa attajiri ya hana bashi ɗungum. Uba ya mutu ya bar wa ɗansa bashi gado. Duk manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da damina domin ya biya da kaka zai gane wannan ba sai an faɗa masa ba.

Sabo da haka cikin 1896 Grenfell ya taimaki masuntan Red Bay suka kafa kantin gama kai. Kowa ya sa ɗan abin da ya ke da shi, suka sayo kaya da kansu, suka sayar da kifinsu da kansu. Waɗansu garuruwa suka bi sawu. Ya kafa injin tsaga katako domin a sami aiki lokacin da ba su, da makarantu, da gidan marayu. Aka koya wa mata saƙar shimfiɗu masu ado ana sayarwa a Amurka, aka kuma nuna wa mutane noman kabeji da dankali a ɗan lokacin zafi.

Dare ɗaya a kan ƙanƙara

Ranar Ista ta 1908 aka aiko masa cewa wani saurayi da ya yi wa aiki a cinya yana cikin hatsari, wajen mil 60 kudu da St. Anthony. Ya ɗaura karnukansa ya tafi. Washegari, domin ya rage hanya, ya bar abokan tafiyarsa a baya, ya ratsa ta kan wani reshen teku mai suna Hare Bay. Iska ta juya, ƙanƙarar ta farfashe, shi da karnuka suka faɗa ruwa. Da ƙyar suka hau wani ɗan gutsure, iska kuwa tana kai su wajen teku. Tufafinsa sun jiƙe, manyan rigunansa sun salwanta. Ya ga in dare ya same shi haka sanyi zai kashe shi, sai ya yanka karnuka uku ya lulluɓa da fatunsu, ya kwanta jikin babban karensa. Da gari ya waye ya ɗaure ƙasusuwan ƙafafunsu ya yi sanda, ya rataya rigarsa yana kaɗawa.

Ashe waɗansu mutane sun hango shi tun da maraice daga kan dutse. Da asuba masunta biyar suka sa jirgi cikin ƙanƙara mai motsi, suka sai da ransu, suka ɗauko shi. Wanda ya zo ceton masunta, ran nan masunta ne suka cece shi. Saurayin kuwa aka kawo shi asibiti daga baya, ya warke. Grenfell ya sa aka rubuta sunayen karnukan uku a kan allon tagulla a gidansa, Moody da Watch da Spy.

Abin da bai yi daidai ba

Ba dukan abin da ya taɓa ne ya yi albarka ba. Mutum ne mai gaggawa, ya kan fara sabon aiki tun bai gama na jiya ba, lissafin kuɗi kuwa ba gwaninsa ba ne. Cikin 1907 ya kawo barewa 300 irin ta ƙasashen sanyi daga Norwe domin a sami madara da nama. Da fari sun yi yawa, amma cikin shekara goma aikin ya watse. Kantunan gama kai da dama sun faɗi sabo da rashin masu iya riƙon littafi. Attajirai suka ƙi shi, manyan Newfoundland kuma suka ji haushi domin yana yawo a Amurka da Ingila yana nuna talaucin ƙasarsu don ya tara gudunmawa. Cikin 1917 gwamnati ta sa aka bincika ƙarar da attajirai suka kai, ba a kuwa sami mishan da laifi ba.

Ƙarshensa

Ya auri Anne MacClanahan, mutuniyar Amurka, cikin 1909, suka haifi 'ya'ya uku. Ita ce ta kawo tsari cikin sha'aninsa, ta kuma taimaki yaran gaɓa da yawa suka tafi karatu. Cikin 1927 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma, aka riƙa kiransa Sir Wilfred. Da ciwon zuciya ya kama shi sai ya koma Vermont a Amurka. Matarsa ta rasu cikin 1938, shi kuma ran 9 ga Oktoba, 1940. Aka kai tokarsa St. Anthony aka ajiye a kan tudu mai duban teku.

Ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa ta ci gaba da aikin har 1981, sa'an nan ta miƙa asibitocin ga gwamnati a kan dala ɗaya. Kifin kuwa, wanda mutane suka zaci ba shi da iyaka, manyan jirage na zamani suka kwashe shi har ya kusa ƙarewa. Cikin 1992, shekara 100 daidai bayan zuwan Grenfell, gwamnatin Kanada ta hana kama kod a wannan gaɓa, mutane wajen 30,000 suka rasa aiki. Sai cikin 2024 aka sake buɗe sun, shi ma da ƙaramin ma'auni.

Ya mai-karatu, ka tuna almajiran Ubangijinmu na fari, Bitrus da Andarawus, Yaƙub da Yohanna, masunta ne. Grenfell ya bi sawun Ubangijinsu zuwa bakin teku. Bai tsaya ga ɗaure miki kaɗai ba, ya tambayi abin da ya kawo mikin, da ya gane bashi ne da yunwa sai ya tasar musu, ko da ya ke ya sha ƙiyayya sabo da haka. A cikin ekklesiyarku akwai wanda ya kan yi aiki dukan shekara, wani dabam ya ci amfanin. Gaishe shi da addu'a abu ne mai kyau. Amma ku zauna tare, ku duba abin da ya ɗaure shi, ku ga ko akwai abin da za ku iya yi.