Imamu Gazali

An haifi Abu Hamid Gazali a Tus, cikin ƙasar Farisa, a shekarar 1058. Tun yana saurayi ya lura kowane yaro a kan addinin iyayensa ya ke tashi, sai ya ƙudura ba zai riƙe kome don gado kaɗai ba. Har idonsa ya tuhuma, gama ido ya kan ga tauraro ɗan ƙanƙane, alhali kuwa ya fi duniya girma. Wajen wata biyu yana cikin shakka, kana Allah ya yaye masa.

A 1091 Waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi bisa babbar makarantar Bagadaza, almajirai wajen 300 suna ɗaukar karatu gabansa. Da ya bincike zuciyarsa, ya ga ashe don neman suna ya ke karantarwa, ba don Allah ba. A 1095 harshensa ya yi nauyi, ya kasa ba da karatu. Ya bar daraja, ya rabar da dukiyarsa, ya nufi Sham da Baitul Muƙaddas da Makka. Cikin shekarun nan ya wallafa Ihya'u Ulumiddin, wanda malamanmu su ke karantawa har yau. Ya rasu a Tus a 1111.

Mu masu shirin aikin malanta, tambayar da ya yi wa kansa tana jiranmu.