Gaus, Ɗan Talaka Da Ya Gano Tauraron Da Ya Ɓace

An haifi Karl Gaus a birnin Burunswik na ƙasar Jamus ran 30 ga Afrilu, 1777. Ubansa talaka ne mai aikin ƙarfi, bai ga amfanin yaro ya daɗe a makaranta ba. Amma malaminsa na elementare ya lura da kaifin basirarsa. An ce wata rana ya sa 'yan aji su tara lambobi daga 1 zuwa 100, kafin sauran su yi nisa Gaus ya miƙa allonsa da 5050, domin ya ga 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 ma haka, har sau 50. Labarin yaron ya kai kunnen Sarkin Burunswik, shi kuwa ya ɗauki nauyin karatunsa, har ya shiga jami'ar Gotingen a 1795.

Ran 1 ga Janairu, 1801, wani masanin taurari na Italiya, wai shi Piyazi, ya hangi wani ɗan tauraro da aka sa wa suna Seres. Ya bi shi kwana 40 da 'yan kai, sa'an nan hasken rana ya rufe shi, aka rasa inda ya nufa. Gaus, yana ɗan shekara 24, ya ɗauki awon Piyazi ya lissafta hanyar tauraron. Cikin watan Disamba na shekaran nan aka duba inda ya nuna, sai ga Seres. Nan take sunansa ya game Turai, a 1807 kuma aka ba shi shugabancin ɗakin duban taurari na Gotingen.

To, irin wannan aiki yakan bar mutum da lambobi da yawa da ba a sani ba, kowace tana sarƙe da 'yar'uwarta. Ga misali mai sauƙi. Littafi 2 da alƙalami 1 sule 7 ne, littafi 1 da alƙalami 1 sule 4. In ka ɗebe na biyu daga na fari, alƙalami ya fita, littafi ya tsaya sule 3; ka koma baya ka tarar alƙalami sule 1 ne. Watau ana fid da su ɗaya bayan ɗaya har saura guda. A 1810 Gaus ya bi wannan hanya a kan wani ɗan tauraro mai suna Palas, inda lambobin da ba a sani ba suka kai 6, duk da hannu. Daga 1818 ya shiga awon ƙasar Hanoba, nan ma ya yi fama da lissafi irin wannan shekara da shekaru.

Gaskiya ba shi ya ƙago dabarar ba, gama mutanen Sin sun rubuta ta kimanin shekara 2000 da suka wuce. Abin da ya yi shi ne tsara ta daki-daki, yadda mai lissafi ba zai ruɗe ba komai yawan lambobi. Shi ya sa ake kiranta da sunansa, kuma da ita kwamfuta ke warware irin wannan lissafi har yau.

Ya rasu a Gotingen ran 23 ga Fabrairu, 1855, yana da shekara 77. Malamai, ku lura: da malamin elementaren nan ya yi sakaci, da mai yiwuwa Gaus ya ƙare a sana'ar ubansa.